Yoyon gas a gida: Yadda ake gane shi da abin da za a yi kafin ya zama gobara

Duk wanda ya kwana biyu bai leƙa Minna ba, idan ya je yanzu zai ga yadda tukunyar gas ta shiga gidaje. Daga Bosso zuwa Tunga, daga Kpakungu zuwa Maitumbi da Chanchaga, da wuya ka wuce layi biyu ba ka ga shagon cika gas ba, ko yaro ya ɗauko tukunya a bayan babur. Kananzir ya yi tsada, gawayi da itace ma ba araha, ga gas kuma ba hayaƙi, ba ya ɓata tukunya, nan da nan an sauke girki. Haka abin yake a zangonninmu na Kudu, ko a Agege ne, ko Sabon Ibadan, ko Ama Hausa ta Owerri.

To sai dai tukunyar ta riga iliminta shiga gida. Da yawa daga cikinmu mun saya wa iyali gas a Minna mun dawo bakin nema, ba mu taɓa zama mun yi musu bayanin abin da za su yi ranar da suka ji wari ba. Alhali gas ba ya tashi haka kawai, sai ya yi gargaɗi tukuna. Abin da mutanen gida suka yi a minti biyun farko bayan wannan gargaɗi, shi ne yake raba tsakanin a gyara tiyo a ci gaba da girki, da kuma a kwashi mutane zuwa asibiti.

Wane irin gas ne a tukunyarmu?

Gas ɗin girki da ake cika mana shi ne ake kira LPG, haɗin sinadarai biyu ne, furofen da biyuten. A cikin tukunya ruwa-ruwa yake saboda an matse shi, shi ya sa idan ka girgiza za ka ji yana motsi. Da zarar ya samu hanyar fita sai ya koma iska, kuma lita ɗaya ta ruwansa tana zama kimanin lita 250 ta iska.

Abu mafi muhimmanci da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, wannan gas ya fi iskar da muke shaƙa nauyi, kusan ninki ɗaya da rabi zuwa biyu. Ba ya tashi sama kamar hayaƙi. Malala yake yi a ƙasa kamar ruwa, ya bi ta ƙarƙashin ƙofa, ya shige ƙarƙashin gado, ya taru a lungu, a kwata, a ramin masai, a ƙasan bene. Mutum yana tsaye zai iya jin wari kaɗan, alhali a daidai ƙafarsa gas ya cika. Yaron da ke rarrafe da wanda ya kwanta a tabarma su ne suka fi shaƙarsa.

Sannan ba ya buƙatar yawa kafin ya kama. Idan ya kai kusan kashi 2 cikin 100 na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya isa. A yi lissafi: ɗakin haya mai faɗin mita uku, tsawon mita huɗu, tsayin mita uku, gas kimanin kilo ɗaya da rabi ya ishe shi ya zama bom gaba ɗayansa. Tunda kuma a ƙasa yake taruwa, abin da bai kai haka ba ma zai iya kamawa. Ke nan ƙaramar tukunya mai kilo 3 ta wadatar, ballantana mai kilo 12.5.

Akwai wani gas ɗin daban, wanda ake tura shi ta bututu, shi ne kuma ake matsewa a saka wa motoci da sunan CNG. Shi wannan ya fi iska sauƙi, sama yake tashi ya taru a jikin rufi. Za mu dawo kansa a ƙarshe.

Me ya sa yake wari?

Asalin gas ba shi da launi, ba shi da wani wari da hanci zai kama. Warin nan mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai ko ruɓaɓɓen kabeji, da gangan ake zuba shi, wani sinadari ne mai suna makaftan. Dalilin hakan yana da tarihi. Ranar 18 ga Maris, 1937, gas marar wari ya taru a ƙarƙashin ginin wata makaranta a garin New London da ke jihar Texas ta Amurka, ba wanda ya sani. Tartsatsin wani injin ya kunna shi, kusan mutum 300 suka mutu, yawancinsu ɗalibai. Bayan nan ne aka yi dokar tilasta sa wa gas wari, sauran ƙasashe suka bi sahu. Ƙa'idar da ake bi ita ce hanci ya ji shi tun yana kashi ɗaya cikin biyar na adadin da zai iya kama wuta.

Saboda haka warin nan saƙo ne, a daina ɗora shi a kan kwata ko mushen ɓera kafin a duba tukunya. Amma kuma hanci ba abin dogaro ba ne ɗari bisa ɗari. Mai barci ba ya jin wari. Mai mura, musamman lokacin hunturu, ba ya ji sosai. Tsofaffi da yawa hancinsu ya yi rauni. Wanda ya daɗe a cikin ɗakin kuma hancinsa kan saba, sai wani ya shigo daga waje ya ce, "Kai, ba ku jin warin gas?" Idan baƙo ya faɗi haka, a yarda da shi.

Sauran alamomi

Ban da wari, a lura da waɗannan. Ƙara siririya kamar ta tayar da ke sacewa, a kan tukunya ko jikin tiyo. Raɓa ko farin sanyi kamar ƙanƙara a wuyan tukunya alhali ba a girki. Gas ɗin da ya saba yin wata guda ya ƙare a mako biyu ba tare da an ƙara yawan girki ba. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya ko kasala da ke kama mutanen gida tare, su kuma ji sauƙi idan sun fita waje.

A duba launin wutar murhu ma. Wuta mai lafiya shuɗiya ce. Idan ta koma ruwan ɗorawa tana baƙanta gindin tukunya, to gas ɗin ba ya ƙonewa daidai, kuma yana iya fitar da iskar guba mai suna kabon monoksayid, irin wadda janareto da gawayi ke fitarwa. Ita ba ta da wari ko kaɗan, ita ce take kashe iyali guda a cikin barci idan an rufe ɗaki. Murhun da ke haka yana buƙatar wanki ko gyara, kuma kada a yi girki a ɗakin da aka rufe taga da ƙofa ko da ana sanyi.

Gwajin kumfa

Hanyar gano inda yoyo yake ba ta cin ko sisi. A dama omo ko sabulun wanke-wanke da ruwa har ya yi kumfa. A rufe makunnin murhu, a buɗe kan tukunya. Sai a ɗauki soso a shafa kumfar a wuyan tukunya, da inda regileta ta zauna, da bakin tiyo duka biyun, da jikin tiyon tun daga farko har ƙarshe, da gindin tukunya inda aka yi walda. Duk inda kumfa ta riƙa kumbura tana yin ƙwai-ƙwai, nan ne. A yi wannan duk lokacin da aka cika tukunya aka dawo da ita, da duk lokacin da aka canza tiyo ko regileta.

Akwai masu gwadawa da ashana ko leta, wai su ga inda zai kama. Don Allah a bari. Ko mai shagon gas ne ya ciro leta zai gwada maka, ka ja da baya ka hana shi.

An ji wari: me za a yi?

1. Kada a taɓa komai na lantarki. Kada a kunna ƙwai, kada a kashe wanda ke kunne, kada a zare caja ko fulogi daga soket. Kunnawa da kashewa duka suna yin ɗan tartsatsi a cikin makunni.

2. A rufe gas daga tukunya. A murɗa makunnin regileta ko kan tukunyar ya rufe, sannan a duba na murhu. Duk wata wuta da ke ci a gidan a kashe ta.

3. A buɗe ƙofofi da tagogi duka. Ƙofa ta fi taga amfani a nan, domin gas ɗin a ƙasa yake, ta ƙofa zai fita. Kada a kunna fanka don ta kore shi.

4. A fitar da kowa. A fara da yara, tsofaffi da marasa lafiya, a tashi masu barci. A tsaya nesa, ta ɓangaren da iska ke tahowa.

5. A sanar da maƙwabta. A gidan haya wannan wajibi ne. Mai girki da gawayi a tsakar gida ta kashe, mai shirin tayar da janareto ya dakata, mai babur kada ya tayar, mai taba ya yi nisa.

6. Idan tukunyar ce da kanta take yoyo ko bayan an rufe, kuma ba wuta, babba ɗaya ya ɗauke ta a tsaye ya kai fili, nesa da kwata da rijiya da taga. Kada a kwantar da ita, domin ruwan gas ɗin ne zai riƙa fita a madadin iskar, wanda ya fi yawa nesa ba kusa ba. A sa tsumma a hannu, ruwan gas yana ƙona fata da tsananin sanyinsa.

7. A kira waya daga waje. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, a Legas akwai 767 ma. Ya kamata kowane magidanci ya je ofishin 'yan kwana-kwana mafi kusa ya karɓi lambarsu, ya rubuta a bangon kicin, ya kuma sa a wayar uwargida.

Idan warin ya yi ƙarfi har yana shaƙe mutum, ko ana jin ƙarar fitarsa tun daga ƙofa, to kada a shiga neman rufe komai. A fita kawai a kira taimako. Kuma ba a komawa ciki sai wari ya ɗauke sarai, har a ƙasa da lunguna.

Tartsatsin da muke mantawa da shi

Ana yi wa Neja kirari da jihar lantarki saboda madatsun Kainji, Jebba, Shiroro da Zungeru, amma mutumin Minna ya san wuta na zuwa ne ta tafi ba sallama. Wannan yana da haɗari na musamman. An ɗauke wuta, an bar makunnai a kunne, gas yana zuba a kicin cikin dare. Ana kawo wuta firji zai tashi da kansa, fanka ta juya, soket mai sako-sako ya yi tartsatsi. Shi ya sa ba a ajiye tukunyar gas kusa da firji ko soket. Idan babban makunnin gidan yana waje, nesa da inda ake jin wari, ana iya kashe shi daga can. Idan yana cikin warin, a bar shi yadda yake.

Na biyu, turaren wuta. Al'adar matanmu ce idan ɗaki ya yi wari a ɗebo garwashi a kasko a zuba turare. Idan warin na gas ne, to an kawo masa abin da yake jira har gida. Haka maganin sauro na kunnawa da ake ajiyewa a ƙasa, daidai inda gas ke kwanciya, da kyandir, da fitilar ƙwai, da dutsen guga na gawayi. Uwargida, duk warin da ba ki gane ba, fara da duba tukunya kafin ki nemi kasko.

Na uku, yadda ake kunna murhu. A kyasta ashana tukuna sannan a murɗa makunni. Wadda ta buɗe gas ta tafi neman ashana, ta dawo ta kyasta, ita ce wuta ke yi wa tsalle a fuska. Idan miya ta tafaso ta kashe wutar, ko iska ta hure ta, a rufe, a jira wari ya fita, sannan a sake kunnawa.

Idan wuta ta riga ta kama

Idan a bakin tiyo ko murhu ne ta kama, kuma hannu zai iya kai wa kan tukunya, a naɗe hannu da jiƙaƙƙen tawul a rufe. Da zarar gas ya yanke wutar za ta mutu. Jiƙaƙƙen bargo ko buhun algarara da aka tsoma a ruwa yana taimakawa wajen danne ƙaramar wuta, haka na'urar kashe gobara mai hoda. Amma a sani, kashe harshen wuta ba tare da rufe gas ba yana barin sa ya ci gaba da taruwa, ya zo ya tashi gaba ɗaya. Rufewar ita ce magani.

Idan wuta tana lasar jikin tukunya, ko ta kama labule da silin, lokacin jarumta ya wuce. Zafi yana sa ruwan da ke ciki ya tafasa, ƙarfen ya yi laushi, tukunyar ta tarwatse ta yi jifa da ɓaraguzai nesa. A kwashe mutane, a hana 'yan kallo da masu ɗaukar bidiyo matsowa, a gaya wa 'yan kwana-kwana tukunya nawa ce a gidan da inda suke. Wuta idan ta man gyaɗa ce a kasko, kada a watsa ruwa, a kashe murhu a rufe kaskon da murfi.

Taimakon farko

Wanda tufafinsa suka kama kada ya ruga da gudu. Ya faɗi ƙasa ya yi birgima, ko a lulluɓe shi da bargo. Sai a riƙa kwarara ruwa mai tsabta, mai ɗan sanyi, a kan ƙunar har tsawon minti 20. Ban da ƙanƙara. A cire zobe, agogo da awarwaro kafin wurin ya kumbura, amma kada a fizge tufar da ta manne da fata, kada a fasa bororo. Ɗanyen ƙwai, man goge baki, manja, baƙin mai, gishiri da ƙullin koko da ake shafawa, duk suna ƙara ɓata ciwo ne, su sa ma'aikatan asibiti wahalar wankewa. A rufe da tsumma mai tsabta a tafi.

Ƙunar da ta fi tafin hannun mai ita girma, ko ta shafi fuska, hannu, al'aura ko gaɓa, ko ta yaro ƙarami ce, asibiti kai tsaye. A Minna akwai Babban Asibiti da Asibitin Ƙwararru na IBB da ke Chanchaga, a Bida akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya. Wanda ya shaƙi gas ko hayaƙi har ya galabaita, a fitar da shi fili, a kwantar da shi a gefensa, kada a ɗura masa madara ko manja, a kai shi a duba ko da ya farfaɗo.

Daga ina yoyo ke farawa?

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mafi yawan yoyo daga wuri huɗu ne.

Tiyo. Zafi da maiƙo suna busar da shi ya tsattsage, ɓera ma yana ci. A sayi tiyon gas na ainihi, ban da na ban-ruwa, a ɗaure bakinsa biyu da kilif na ƙarfe, ban da waya ko robar taya. Tiyon da ya tsage ba a naɗe shi da salatif, canzawa ake yi. Ko bai nuna komai ba, bai kamata ya wuce shekara biyu zuwa uku ana aiki da shi kullum ba.

Regileta da 'yar robar da ke cikin wuyan tukunya. Idan robar ta cinye ko ta faɗi wurin cikawa, regileta ba za ta zauna daidai ba. Masu ɗora dutse a kai don ta danne, wannan ba gyara ba ne.

Tukunyar kanta. Hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, SON, ta ƙayyade wa tukunyar gas shekara 15, tare da sake gwada ta duk bayan shekara biyar. Shekarar da aka ƙera ta tana buge a jikin mariƙinta. Tsohuwar tukunya da aka yi wa sabon fenti, ko wadda ta loɓa, ko aka yi mata walda a bakin titi, a guje ta komai arharta. Mazauna Legas, Fatakwal da Warri su riƙa kifa ido a gindin tukunya, domin laima da iskar teku suna sa tsatsa ta ci ta daga ƙasa. A ɗora ta a kan katako, kada ta zauna a jiƙaƙƙen siminti.

Cikawa fiye da kima. Ana barin kusan kashi 20 cikin 100 na cikin tukunya fanko, saboda ruwan gas yana kumbura da zafi. A Minna, watannin Maris da Afrilu zafi kan kusanci digiri 40. Tukunyar da aka cika maƙil aka bar ta a rana, ko a but ɗin mota, tana iya fara fitarwa da kanta. A jikin kowace tukunya akwai nauyinta na fanko, an rubuta TW a gabansa. A haɗa shi da kilon da tukunyar ke ɗauka, abin da sikeli zai nuna ke nan, kada ya wuce. "Ƙara min kaɗan" ba gyara ba ce a wurin gas. Masu tafiya gida da sallah kuma, tukunya cike a cikin motar haya tun daga Ibadan har Mokwa da Bida kasada ce, gara a tafi da ita fanko a cika a Minna.

Ƙaramar tukunya mai murhu a ka, wadda ɗaliban Gidan Kwano da Bosso da 'yan ci-rani suka fi amfani da ita, tana da nata sharaɗin. A tabbatar murhun ya ɗauru daidai, kada a ɗora mata babbar tukunyar da za ta mayar da zafi ƙasa, kuma kada a kwana da ita a ɗaki a rufe. Ko wace iri ce, a rufe ta daga kai bayan kowane girki, musamman kafin barci. Wanda yake da hali ya ajiye tukunya a waje cikin inuwa ya ratso da tiyo, ya kuma sayi na'urar da ke ƙara idan ta ji gas, a kafa ta ƙasa-ƙasa kusa da daɓe.

Shagon gas na unguwa

Ranar 4 ga Janairu, 2020, gas ya fashe a wani shagon cikawa a Sabon Tasha, Kaduna. Cikin waɗanda suka rasu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa, wanda ba gas ya je saya ba, yana shagon aski ne a kusa. Darasin shi ne haɗarin shagon gas na duk layin ne. Hukumar NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta kafa, ita ke ba da lasisin wannan sana'a. Idan ana juye gas daga tukunya zuwa tukunya a gefen mai suya, mai shayi ko mai walda, haƙƙin masu unguwa ne da sarakunan Hausawa su yi magana tun da wuri.

Haka idan tanka ta faɗi, ta gas ce ko ta fetur, a yi nesa. Mutanen Neja ba su manta da abin da ya faru a mahaɗar Dikko ranar 18 ga Janairu, 2025 ba, inda tankar fetur ta kama da wuta ta hallaka mutum sama da 80, da yawansu sun je ɗiba ne.

Gas na bututu da CNG

Masu zama kusa da masana'antun Ikeja, Ota, Agbara da Aba suna maƙwabtaka da bututun gas. Bututun AKK mai tsawon kilomita 614, daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, shi ma ya ratsa ta wani yanki na jihar Neja. Gas ɗin manyan bututu ba lallai ne a ji warinsa ba, don haka a lura da ƙara mai ƙarfi daga ƙasa, ruwan kududdufi yana ɓulɓula, ƙura tana tashi daga rami, ko ciyawa ta bushe a wuri ɗaya alhali kewayenta kore ne. A bar wurin da ƙafa, kada a tayar da mota, a sanar da hukuma. Kada a yi gini ko haƙa a kan layin bututu.

Direbobin da suka koma CNG bayan cire tallafin fetur a 2023 su sani, matsin da ke cikin tukunyar CNG ya ninka na tukunyar girki sau da yawa. Tukunyar girki ko wadda mai walda ya haɗa ba za ta iya ɗauka ba. A je cibiyar da aka amince da ita.

Magidanci, yau idan ka kira gida, ka tambayi uwargida da babban yaro: idan kun ji warin gas me za ku fara yi? Idan amsar ba ta fito daidai ba, ka maimaita musu har su haddace: kada a taɓa lantarki, a rufe tukunya, a buɗe ƙofa, a fita, a gaya wa maƙwabta. Ka kuma aika kuɗin sabon tiyo da kilif tare da na cefane. Allah ya tsare mu da iyalanmu daga gobara, amin.